Tafinta a Shagon Caji

Wayar da aka miƙo wa yaron Itel ce, gilashinta ya tsage daga kusurwa, an ɗaure bayanta da roba. Mai ita ɗan acaɓa ne, ya tsaya a bakin shago ko mashin bai kashe ba, ya ce ƙwallon da aka tura masa jiya ta ƙi buɗewa, baƙi kawai take nunawa. Yaron ɗan ƙanena ne, shi ke zaman shagon cajin wani maƙwabcinsu a Unguwar Tudu ta ƙaramar hukumar Gwarzo. Bai ce uffan ba. Ya karɓi wayar, ya shiga setin, ya gangara inda ake zaɓar harshe, ya sauya daga Turanci zuwa Sifaniyanci, ya fito, ya sake dannawa. Sai ga baƙin ya yaye, filin ƙwallo ya bayyana kore shar, 'yan kallo na ihu ta ƙaramar sifikar wayar. Mai mashin ya ajiye masa kuɗinsa a kan benci, ya murɗa ya nufi hanyar Getso.

Na ce masa, “Kai, yaushe ka koyi Sifaniyanci ban sani ba?”

Ya yi dariya. “Baffa, ko gaisuwarsu ban iya ba. Gem ɗin ne yake so.”

Wannan amsa ita ta zaunar da ni a shagon har la'asar, domin abin da na gani ya wuce latse-latsen waya irin wanda muke yi wa yara faɗa a kansa.

Gem ɗin da ke cikin wayar ɗan acaɓan ba a taɓa yin sa don waya ba. An yi shi ne don wata ƙaramar na'urar hannu ta kamfanin Sony mai suna PSP, wadda ta fito a Japan a watan Disamba na 2004, aka sayar da kimanin miliyan 80, aka daina ƙera ta a 2014. Tana cin wani ɗan faifai mai rigar roba da ake kira UMD. Ƙwallon ƙarshe da kamfanin Konami ya yi mata ita ce PES 2014. A lokacin da ta fito Ahmed Musa yana CSKA ta birnin Mosko, Victor Osimhen kuwa yaro ne ɗan shekara 14, bai ko je gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2015 a Chile ba, inda ya ci ƙwallo 10. Amma ga shi nan a wayar mai mashin, da rigar Galatasaray da abin rufe fuskarsa. Wasu gwanaye ne a Indonesiya da Latin Amurka suke ɗaukar tsohon gem ɗin duk shekara, su sauya masa 'yan wasa da riguna da filaye da muryar mai sharhi, su sake shi da sunan sabuwar kaka. Tsohon ango ne ake sake yi wa naɗi. Da yawa daga cikin waɗannan gyararrun ba sa tashi sai an mayar da harshen manhajar Sifaniyanci, abin da yaron ya gano ke nan tun kafin mai wayar ya gama bayani.

To, yaya aka yi gem ɗin wata na'ura da ta mutu yake gudu a cikin Itel?

Kowace na'ura tana da ƙwaƙwalwa, kuma kowace irin ƙwaƙwalwa tana da yaren da take ji. Ta PSP 'yar gidan MIPS ce, tana bugu miliyan 333 a sakan ɗaya idan ta ƙure. Ta wayoyinmu, Tecno ko Infinix ko Redmi, 'yar gidan ARM ce. Idan ka ba ƙwaƙwalwar waya umarnin da aka rubuta wa PSP, kamar ka tsayar da Bayaraben da ya zo sayen shanu a kasuwar Getso ne ka rufe shi da Fillanci. Dole a nemo tafinta. Manhajar da ke wannan aiki ita ake kira emuleta, kuma wadda ta mamaye wayoyin samarin Arewa sunanta PPSSPP. Wani ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Rydgård, shi ya sake ta a watan Nuwamba na 2012, kyauta, kuma a buɗe take ga duk mai son duba yadda aka rubuta ta ko ya ƙara mata wani abu. Tun a 2003 yana cikin mutum biyun da suka fara Dolphin, mai kwaikwayon na'urar GameCube ta Nintendo, don haka ba baƙo ba ne a sana'ar.

Tafinta iri biyu ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a gaban alƙali ko a ɗakin likita ya san bambancinsu. Akwai sabon shiga, wanda sai ka faɗi jimla ɗaya ya tsaya ya juya ta, ka faɗi ta biyu ya sake tsayawa, ko da maganar da ka yi ɗazu ce ka maimaita. Emuleta na iya yin haka, ta karanta umarni ɗaya, ta fassara, ta aikata, ta koma ga na gaba. Ba ta cika kuskure ba, amma nauyin jiki gare ta, domin umarni ɗaya na tsohuwar na'ura kan ci umarni goma ko fiye na sabuwa. Akwai kuma tsohon hannu, wanda ya shekara a kara, da ya ji an fara ciniki ya san inda za a bi, “nawa ne” da “albarka” da “sallama” duk suna bakinsa a haɗe. PPSSPP irin wannan ce. Takan ɗebi umarni gungu guda, ta juya shi zuwa yaren ARM sau ɗaya, ta ajiye fassarar, duk lokacin da gem ya dawo wurin sai ta miƙa wadda ta riga ta yi. Gem kuwa maimaici ne ya yi masa yawa: zana fili, motsa ɗan wasa, duba inda ƙwallo take, sake zana fili, sau talatin ko sittin a sakan. Shi ya sa wannan dabara take biya.

Akwai wata dabarar da ta fi burge ni. Gem yakan roƙi na'urarsa abubuwa, ya ce buɗe mini wannan fayil, kunna wannan sauti, gaya mini ko an danna maɓalli. Maimakon PPSSPP ta kwafo manhajar Sony da ke amsa waɗannan roƙo, sai masu rubuta ta suka zauna suka lura da abin da PSP ke mayarwa a kowane roƙo, suka rubuta tasu amsar. Gem ya yi sallama, wani ya amsa masa da muryar maigidan, shi kuwa ya shiga ya zauna bai san an sauya gida ba. Dalilin da ya sa ba ta neman fayil ɗin BIOS, wato irin waccan manhajar ta Sony, ke nan, saɓanin masu kwaikwayon PlayStation 2 irin su PCSX2, wadda aka fara saki tun 2002.

Duk wannan aikin masu rubuta manhajar ne. Aikin yaron shagon caji yana farawa daga inda nasu ya tsaya, kuma na ga shi ma ba ƙarami ba ne.

Da farko sai ya san kayan da ke hannunsa. Gem yakan zo a dunƙule, sai an kwance shi da manhajar ZArchiver, wani lokaci har da kalmar sirri da wanda ya gyara ya saka. A ciki akwai babban fayil mai ƙarewa da ISO, wanda kwafin faifan nan ne na UMD, sai kuma folda mai suna PSP, da 'ya'yanta biyu, SAVEDATA da TEXTURES. A ta farko sunayen 'yan wasa da sauye-sauyen kulob suke, a ta biyu riguna da fuskoki. Ka ajiye su inda bai dace ba, gem zai buɗe amma ka tarar da 'yan wasan da suka yi ritaya tuni, ko mutane farare fat babu fuska kamar fatalwa. Tun daga Android 11 kuma waya ta daina barin manhaja ta yi yawo a ko'ina cikin ma'ajiya, sai ka nuna mata folda da hannunka. Nan ne masu koyo suke yawan faɗuwa. Ya kuma san shafukan da ke yi wa mutum alƙawarin gem su ba shi wata manhaja mai cika waya da talla, yana ganin ƙarshen sunan fayil ya san ba shi ba ne. Data tsada gare ta, kuma sabis a nan sai an laluba, don haka abin da ya sauke sau ɗaya, ko ya samo a kasuwar waya ta Farm Centre ranar da ya shiga Kano, shi zai yi ta turawa ta manhajar Xender daga waya zuwa waya.

Amma inda gwanintar take shi ne setin. Allon PSP ɗigo 480 ne a kwance, 272 a tsaye. PPSSPP na iya ninka wannan sau biyu, sau uku, har fiye, hoto ya fito tas fiye da yadda mai PSP na asali ya taɓa gani. Sai dai kowane ninki kaya ne a kan waya. Ninki biyu yana nufin ɗigo huɗu a madadin ɗaya, ninki uku tara. Wayar da ke da RAM gig 2 da ƙwaƙwalwa mai rauni ba za ta ɗauka ba, sai ta fara shaƙewa, sauti ya riƙa tsinkewa kamar rediyo mai mataccen batir. Na lura da kunne yake fara gane matsala. Kafin ya kalli lambar da ke nuna gudun gem a kusurwar allo, ya riga ya ji muryar mai sharhi tana ja, ya san waya ta gaza. Daga nan sai ciniki tsakaninsa da ita. Ya rage ninki zuwa ɗaya. In bai isa ba ya sa ta riƙa tsallake hoto ɗaya cikin biyu, motsi ya ɗan yi tsalle amma gudu ya daidaita. Ya gwada sauya hanyar zane daga OpenGL zuwa Vulkan, ko akasin haka, domin wata wayar wannan take so, wata wancan. Kuma kowane gem da halinsa. Ƙwallo ba ta da nauyi sosai, Tekken 6 tana son gudu cikakke tunda bugu ɗaya da ya makara asara ne, God of War kuwa, musamman Ghost of Sparta na 2010, shi ne jarrabawar waya, wadda ta ɗauke shi ba shaƙewa ta ci sunanta.

Har yanayin gari yana cikin lissafinsa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da rufin kwano yake tafasa, waya kan rage gudun ƙwaƙwalwarta da kanta idan ta yi zafi, don kada ta lalace. Gem ɗin da ya gudu lafiya da safe sai ya fara jan ƙafa da rana. Mai waya ya dawo yana cewa an ɓata masa setin. Yaron ya cire mata riga, ya zare ta daga caji, ya ajiye ta minti biyar a gindin randa, ya mayar masa. Ni kam ban ga bambancin wannan da aikin bakanike mai sa kunne a jikin inji ba, sai dai shi hannunsa ba ya baƙi.

Na zo garin da wata tsohuwar buƙata tawa, kuma ganin haka ya sa na fito da ita. Mu da muka taso a shekarun 1990 gem ɗinmu na farko shi ne wanda muke kira family gem, mai kaset rawaya da aka rubuta wa wasanni dubu ɗari tara da wani abu, alhali bai fi guda goma ba ake ta maimaitawa. Kwafi ne na Famicom ɗin da Nintendo ta fitar a 1983, ana ƙera shi a Taiwan da Sin. Wancan ba kwaikwayo da manhaja ba ne, jikin na'urar aka kwafa. Super Mario na 1985 da muka ƙare yarinta a kansa duka duka kilobait 40 ne, hoto ɗaya da za ka ɗauka da waya yau ya ninka shi sau da dama. Daga baya Sega ta zo da Mortal Kombat, sai PlayStation da Winning Eleven a gidajen gem, inda kowa ke ɗauko Roberto Carlos daga baya ya kai shi gaba saboda gudu, mai shago kuma ya kifa na'urar a kan cikinta idan idon karanta faifai ya gaji. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai wani ɗan mutum ne mai jar hula, Dangerous Dave, wanda na sani a kwamfutar wani shagon buga takardu a Kano lokacin da nake koyon tafin. John Romero ne ya yi shi, bugunsa na kwamfutoci masu manhajar DOS ya fito a 1990. Mataki goma gare shi, a kowanne sai ka ɗauki kofi kafin ƙofa ta buɗe. Ban taɓa wuce na huɗu ba.

Fayil ɗin yana nan a wani tsohon filashi nawa, amma laftof ɗina mai Windows 11 ta ƙi shi ƙememe, da na danna sai ta ce wannan manhaja ba ta gudu a nan. Dalilin shi ne Dave ɗan zamanin bit 16 ne. Windows masu bit 32, har zuwa Windows 10, suna da wani ɗan ɗaki da suka keɓe wa irin waɗannan tsofaffi. Masu bit 64 ba su da shi, Windows 11 kuwa, tun fitowarta a 2021, bit 64 kaɗai take zuwa. Maganin shi ne DOSBox, wadda wasu 'yan ƙasar Holan suka fara a 2002. Ita ba ƙwaƙwalwa kaɗai take kwaikwayo ba, kwamfuta guda take ginawa a cikin kwamfuta, da allonta, da agogonta, da katin sautinta na Sound Blaster, duk na ƙarya amma gem ba ya ganewa. Shagon GOG ma, mai sayar da tsofaffin wasanni bisa ƙa'ida tun 2008, a cikin DOSBox yake naɗo da yawa daga cikinsu.

Yaron bai taɓa ganin DOS ba, an haife shi bayan zamaninta ya daɗe da wucewa. Da baƙin allo ya buɗe da harafin Z yana ƙiftawa, sai ya dube ni. Na gaya masa iya abin da na tuna, cewa a wancan zamani ba a dannawa da linzami, rubutawa ake yi. Ya karanta bayanin da ke saman allon a hankali, ya gane cewa wannan kwamfutar ta ciki ba ta san foldojin ta waje ba sai an gabatar mata. Ya rubuta mount c c:\gem, ya rubuta c: ya shiga, ya rubuta dave. Ban koya masa ba. Ya ce ai daidai yake da nuna wa PPSSPP folda.

Tsofaffin wasannin DOS suna da wani ciwo nasu. Kwamfutar IBM ta 1981 bugu miliyan 4.77 take yi a sakan, kuma masu rubuta gem da yawa na lokacin ba su auna lokaci da agogo ba, da saurin ƙwaƙwalwar suka auna, kamar mai dafa abinci da ya saba da itacen gidansu. Ka ɗora irin wannan gem a na'ura mai sauri, sai komai ya haukace, abokin gaba ya kashe ka kafin ka ɗaga yatsa. Shi ya sa kwamfutocin da suka biyo baya suke da maɓallin Turbo, wanda duk da sunansa amfaninsa shi ne a iya rage gudu. A DOSBox ana rage gudun da Ctrl da F11, a ƙara da Ctrl da F12. A waya yaron yana fama ne da na'urar da ba ta kai ba, a nan kuma da wadda ta wuce gona da iri.

Wannan neman daidaito ya kai wasu mutane nesa. Wani mai rubuta manhaja da aka sani da byuu, daga baya Near, ya shafe shekaru yana gina bsnes don ta kwaikwayi Super Nintendo ba ragi ba ƙari. Ƙwaƙwalwar na'urar ba ta kai bugu miliyan 4 ba, amma a 2011 ya bayyana cewa kwaikwayonta sak yana buƙatar kwamfuta mai bugu biliyan 3. Ɗaya daga cikin misalansa wani gem ne na jirgin yaƙi, Air Strike Patrol, inda inuwar jirgi a ƙasa take nuna maka inda bom zai sauka. Emuleta mai gaggawa ba ta zana inuwar, mai wasa ya yi ta jifa a makance yana zargin hannunsa.

Ba zan ɓoye ba, akwai maganar haƙƙi. Ita emuleta kanta wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta wanke ta a 2000, a shari'ar Sony da kamfanin Connectix, tun 2024 kuma Apple ma ya yarda a saka irinta a shagonsa na manhajoji. Wasannin da ake turawa daban ne, mafi yawansu babu wanda ya biya mai su, kuma mu da muka ga yadda turawa ta yi wa kasuwar finafinan Kannywood ba za mu ce ba mu san zafin abin ba. A watan Maris na 2024 masu Yuzu, da ke kwaikwayon na'urar Switch tana tsakiyar kasuwarta, sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 su rufe. Sai dai wani bincike na 2023 da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da suka fito a ƙasar kafin 2010 masu su sun daina sayar da su. Wanda ke son ya biya ma babu wurin biya. Ni a ganina gem ɗin da mai shi yake kasuwa da shi daban, wanda ya yasar shekara ashirin daban, kodayake na san akwai malaman da ba za su yarda da wannan rarrabewa tawa ba.

Bayan la'asar samari biyu suka zo, ɗaya ya taso tun daga wajen Kabo, suna son su kara da juna kowa a wayarsa. PSP tana da hanyar haɗa na'ura biyu da ke kusa ba tare da intanet ba, PPSSPP kuma ta kwaikwayi wannan ma. Yaron ya kunna hotspot a ɗaya, ya haɗa ɗayar, ya kwafi lambar adireshin ta farko ya rubuta a ta biyu, ya tabbatar Tekken ɗin da ke cikinsu bugu ɗaya ne. Ko kobo na data ba su ƙona ba. Suka koma gindin darbejiya suna zagin juna cikin raha.

Ni kuwa ina kan benci da laftof a cinya, hasken sola na cajin ta. Dave ya yi tsalle da ƙarar nan tasa mai kama da kukan tsako. Na ɗauki kofi a mataki na ɗaya, na biyu, na uku. A na huɗu na faɗa wuta a daidai inda na saba faɗawa sama da shekara ashirin da suka wuce. Na sake, na sake faɗawa. Yaron ya leƙo ta kafaɗata ya ɗan yi shiru.

“Baffa, in rage maka gudu?”

Kafin in amsa ya miƙo hannu ya danna Ctrl da F11 sau biyu, sannan ya koma wajen wata mata da ta zo karɓar wayarta.